Igiyar Roba a Safar Anita

Ina cikin shekarata ta biyu a Kuala Lumpur annoba ta zo aka rufe gari. A Pantai Dalam nake, cikin wani dogon bene da ke kallon layin dogo. Karatun digiri na uku ne ya kai ni, a kan ƙasar noma, kuma duk aikina a ɗakin gwaji yake. Ranar da aka datse wa ɗakin kwaɗo, da kwalaben ƙasata a ciki, karatuna ya tsaya cak. Hukumar da ta turo mu daga gida ita ma ta yi gum. In ka kira ba a ɗauka, in an ɗauka a ce maka ofis a rufe yake, ka ƙara haƙuri. Abokan zamana iyayensu suka yi musu hanya, suka bi jirgin kwashe mutane suka tafi. Aka bar ni ni kaɗai, daga ni sai fanka sai tukunyar shinkafa.

Ba zan ce na kwana da yunwa ba, amma na ci shinkafa da mai da yaji har na tsani warinta. In zan kira matata Hadiza sai na sa riga mai kyau na gyara zama, in ce mata komai lafiya. Ita ma ta ce komai lafiya. Kowannenmu ya san ɗan uwansa ƙarya yake yi masa.

A cikin wannan hali Kamal ya kira ni. Kamal ɗan Kano ne, ɗan wani babban ɗan kasuwa, yana digirin farko a wata kwaleji mai zaman kanta, yana zaune a Sri Petaling. A wata walimar suna muka fara haɗuwa kafin annoba. Takalmin wani baƙo ya tsinke a wurin, na karɓa na ɗinke masa a tsaye, aka yi ta tsokanata. Na ce musu ai gidanmu dukawa ne, a rumfar kakana na tashi, basilla na fara riƙewa kafin alƙalami. Ashe Kamal ya ajiye maganar a ransa.

Ya ce akwai wani wasa da ake kira besbol, wanda ake jefa wata ƙwallo mai taurin dutse, a cafe ta da wata ƙatuwar safar hannu ta fata. Japanawa da Koriyawa mazauna gari suna yinsa, da 'yan ƙasar da yaransu ke ƙungiyoyin makaranta. Yanzu filaye a rufe, kowa ya gaji da zama, sai su sauko wurin ajiye motoci su yi ta jefe-jefe da 'ya'yansu. Sun zaƙulo tsofaffin safofi daga akwati, duk sun lalace, shagunan gyara kuma a kulle. Shi zai buɗe shafi a intanet ya nemo masu kaya, ɗan babur ya kawo min, in gyara ya mayar. Na tuna masa cewa bizar karatu ba ta ba ni izinin yin sana'a ba, kuma a kwanakin nan ana loda baƙi a manyan motoci ana tafiya da su.

Ya ce, "Haba Yaya Sagir, wa zai sani? Sunanka ba zai fito ko'ina ba. Kai ɗinki, ni surutu. Boleh lah, in ji 'yan ƙasar, zai yiwu."

Safar farko da ta zo na daɗe ina juya ta a hannu. Ban taɓa ganin irinta ba, amma hancina ya gane ta tun kafin idona. Warin tsohuwar fata da gumi ya mayar da ni rumfar kakana, da ƙiraga a jingine da bango, da muryarsa yana yi wa almakashi faɗa kamar mutum. Na zauna a ƙasa na sa fuskata a cikin safar wani Bajapane da ban sani ba, na daɗe a haka.

Da na dawo hayyacina na duba aikin. Jikin safar fatar sa ce mai kauri, da wuya ta mutu. Abin da ke mutuwa shi ne igiyoyin fatar da suka ɗaure ta, musamman ragar da ke tsakanin babban yatsa da manuni. A nan ƙwallo take sauka, nan ne ke shan duka. Damshin garin nan ba ya ƙyale fata. Fumfuna ta ci ta daga waje, gishirin gumi ya ci ta daga ciki, sai igiya ta bushe ta yi tsaga-tsaga. Na ɗauki hoton saƙar kafin in kwance, na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya har na gane hanyar da igiya take bi. Na yanka wata tsohuwar jakata ta fata na fitar da igiyoyi, na murza su da man kaɗanyar da nake shafawa a ƙafa, na saƙa. Mai kaya ya aiko da godiya har da hoton ɗansa yana dariya.

Aiki ya fara zuwa. Kamal ya samo rabin ƙirgi mai kyau daga wani mai shago da ke sayarwa ta bayan ƙofa, na riƙa yanka igiya daga tsakiyar baya inda fata ta fi ƙarfi. Na koma cin nama jifa-jifa, ina yin tapau, wato sayen abinci a ƙunshi, daga kedai ɗin mamak, shagon abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan benenmu. Wata rana Kamal ya ce in ɗauko masa bidiyon hannuna ina saƙa, don mutane su ga aikin hannu ne. Na ɗauka na tura masa, ban kawo komai a raina ba.

Da ƙirgin ya ƙare na ce ya samo wani. Maimakon ƙirgi sai ɗan babur ya kawo min wani nannaɗaɗɗen abu a leda, igiya ce doguwa mai sheƙi, launin ƙasa-ƙasa, faɗinta daidai wa daida. Ina taɓawa na san ba fata ba ce. Ƙyalle ne a ciki aka shafe shi da roba. Na kira shi na yi masa bayani a hankali. Na ce fata in za ta mutu tana faɗa maka, za ta miƙe, ta saki, ta yi laushi, mai ita ya gani ya kawo gyara. Roba ba ta sallama. Yau tana sheƙi, gobe ta tsinke gaba ɗaya, kuma bayan ragar nan fuskar mutum ce.

Ya ce ƙirgi ya yi tsada, masu kaya ba su san bambanci ba, kuma ni na cika tsoro kamar tsohuwa. Na ce ba zan sa ta a safar kowa ba. Ya ce to in mayar masa da kayansa. Na mayar, da igiyar da safofin da suke jiran gyara. Daga ranar bai sake kirana ba. Na ɗauka ya rufe harkar, na koma wa shinkafata da mai da yaji.

An ɗan sassauta kulle, ana iya fita cikin gari da takunkumi, lokacin da aka buga min ƙofa wata ranar Asabar da hantsi. Bugun ba na sallama ba ne. Na buɗe na ga wani mutum ɗan asalin Indiya, dogo, mai furfura a gefen kai, idanunsa jajir a saman takunkumi. Ya tambaya da Turanci ko ni ne Sagir. Ina amsawa ya tura min wata safa a ƙirji har na ja da baya.

Ragar ta ɓarke tsakiya, igiyar tana lilo, ƙyallen ciki ya fito fari fat. A gefen babban yatsa akwai wani tabo baƙi da ya bushe.

Ya ce sunansa Selvam, daga Sentul yake. Safar tasa ce tun yana saurayi, ya ba 'yarsa Anita, wadda ke buga wa ƙungiyar makarantarsu. Ya aika gyara ta shafin nan, aka dawo da ita tana ƙyalli. Suna jefe-jefe a ƙasan bene, ya jefa mata da ƙarfi kamar yadda ta saba roƙonsa, ta ɗaga hannu ta tare daidai, ƙwallon ta ratsa ragar ta same ta a idon hagu. Ƙashin gefen idon ya fashe. An yi mata aiki, kuma saboda dokar annoba ba a bar shi ya kwana da ita a asibiti ba. Likita bai yi alkawarin ganin zai dawo ba.

Ya ce, "Ni na jefa. Da hannuna. Kai ka saƙa, ni na jefa."

Na ce ba aikina ba ne. Ya ciro waya ya nuna min shafin. Ga hannuwana nan suna saƙa, ga sunana a rubuce a ƙasa, Sagir, ƙwararren baduku daga Afirka, gadon kaka da kakanni. Ya nuna min saƙon da mai shafin ya turo masa: shi ɗan tsakani ne kawai, shi ma an cuce shi, ya ba ma'aikacin fata ta gaske ya musanya ta da roba, ga adireshinsa. Har lambar ɗakina Kamal ya rubuta.

Ban taɓa jin zafi irin na wannan lokacin ba. Kunnuwana suka toshe. Na kira Kamal a gaban mutumin, na buɗe murya. Ya ɗauka yana tauna wani abu. Da ya ji abin da ake ciki sai ya juya zuwa Hausa, ya san baƙon ba ya ji.

"Yaya, ka ba shi haƙuri kawai ya tafi. Ni in aka taɓa ni Alhaji babana zai ji, ka san hawan jininsa. Kai babba ne, ka san yadda za ka lallaɓa."

Na tambaye shi wa ya saƙa safar. Ya ce shi ne, ai ba wani abu ba ne mai wuya, bidiyona ya kalla. Na tambaye shi safa nawa ya yi haka. Ya kashe wayar.

Selvam yana tsaye yana kallona, bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Na ɗauko ashana na yanki guntun igiyar safarsa na ƙona, ta narke ta ɗiga tana warin taya. Na ɗauko ragowar igiyata na ƙona, ta yi ƙaurin babbaka. Na nuna masa ramukan da aka tsallake a saƙar, da ƙullin da aka yi irin na ɗaurin buhu. Ya ce duk wannan bai nuna masa wanda ya yi ba, ya nuna masa dai na san bambanci, wanda ya fi muni. Ya ce daga nan ofishin 'yan sanda zai wuce. Ya ɗauki safarsa ya fita, bai rufe ƙofar ba.

Na san abin da hakan ke nufi. Ba za a fara da tambayar wa ya saƙa ba, da bizata za a fara. Na ga kaina a bayan mota, na ga shekarun karatuna sun bi iska, na ga an sauke ni a Kano ba digiri ba suna. Na sa takalmi na tafi wurin Dakta Sani, wanda shi ne babba a cikin Hausawan da ke wannan yanki. Malami ne a jami'a, ya daɗe a ƙasar, shi ke raɗa suna, shi ke sulhu.

Ya saurare ni a barandar gidansa, da tazara a tsakaninmu. Da na gama ya yi salati, ya ce abu bai yi daɗi ba. Daga nan ya shiga yi min lissafin abin da zai biyo baya. Ya ce masu gidajen haya tuni suna rubuta ba sa son ɗan Afirka, in wannan magana ta shiga jarida kowa zai ɗanɗana. Ya ce mahaifin Kamal ne ya aiko da buhunan shinkafar da aka raba wa ɗalibai da azumi, ni ma na ci. Ya ce yaro ne, ƙuruciya ce, a rufa masa asiri. Shawararsa ita ce in je in durƙusa wa Ba'indiyen, in ce kuskure ne daga gare ni, shi kuma zai yi magana da Alhaji a ga abin da za a yi na magani.

Na ce, "Dakta, in ce ni na yi?"

Ya ce, "Malam Sagir, ba cewa na yi ka yi ƙarya ba. Cewa na yi ka ɗauke wa jama'a nauyi."

Na ce akwai wasu safofin a hannun wasu yaran, da igiyar nan a jiki, a yanzu haka ana jefa musu ƙwallo. Ya ce wannan sai addu'a. Na miƙe ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba. A hanya ina tafe ina magana ni kaɗai a cikin takunkumi, har wata tsohuwa ta tsallaka titi don ta kauce min. Shinkafar da na ci da azumi ta dawo min wuya. Ashe kuɗin bakina aka biya tun kafin a buƙace shi.

Na kwana biyu ina jiran bugun ƙofa. Na haɗa takarduna a jaka ɗaya, na goge hoton ɗana daga fuskar waya don kada in riƙa gani. Da wayar ta yi ƙara, Selvam ne. Muryarsa ta sauka. Ya ce abin da ya sa tun farko ya aika safarsa shi ne wata ƙawar Anita da aka gyara wa tata a watannin baya, aikin ya yi kyau. Ya je ya karɓo ta ya ajiye su gefe da gefe. Igiyar ba ɗaya ba, ƙullin ba ɗaya ba, ko makaho ya shafa zai san hannu biyu ne. Ya sake kiran mai shafin, lambar ba ta shiga, shafin ma an goge. Ya ce in zan iya in zo Sentul.

Na hau jirgin ƙasa, tarago kusan ni kaɗai, an manna alama a kujeru inda ba a zama. Gidansu a wani tsohon bene yake, kusa da inda ya ce mahaifinsa ya yi aikin gyaran taragai har ya tsufa. Matarsa ta ba ni shayi mai madara a kofin ƙarfe, ba ta ɗaure fuska ba. Anita ta fito daga ɗaki. Yarinya ce siririya da ba ta wuce sha uku ba, an rufe idon hagun da auduga, kumburin ya sauko har kunci. Ta gaishe ni, ta kira ni Ankul kamar yadda yaran ƙasar ke kiran manya. Don ta gan ni sosai sai da ta juya kanta gaba ɗaya.

Ta tambaye ni ko safar za ta gyaru. Uban ya juya ya kalli taga.

Bayan ta koma ciki muka yi maganar 'yan sanda. Na faɗa masa gaskiyar bizata, na ba shi cikakken sunan Kamal da unguwarsu, na ce ya kai ƙara, abin da zai same ni ya same ni. Da gaske nake a lokacin, fushi ya fi tsoro yawa a cikina. Selvam ya ce ya yi shawara da wani ɗan uwansa da ya san doka. Hannun da ke bidiyo nawa ne, sunan da ke shafi nawa ne, lambar wayar yaron ba da sunansa aka yanka ba.

"In na kai shi, da kai za su fara, kuma wataƙila a kanka za su tsaya. Ba zan iya ba."

Mutumin da idon 'yarsa ke cikin auduga ya haƙura da hakkinsa don kada a kore ni. Mutanena kuwa, masu yarena da addinina, sun ce in durƙusa in ɗauki laifin. Kuma na gane cewa Kamal ya tsira ne da ni. Ni ne katangar da ya ɓuya a baya, ya san haka tun ranar da ya rubuta sunana.

Na ce masa saura sauran safofin. Ya ce shi ma abin da ke hana shi barci ke nan. Ya rubuta a zauren waya na iyayen ƙungiyar su Anita, suka watsa zuwa wasu zaurukan: duk wanda ya gyara safa ta shafin nan kada ya bari yaro ya sake sa ta, ya kawo Sentul a duba. Matsalar ita ce fata. Sai ya kai ni wurin wani tsoho a bayan wurin ibadarsu, mai ɗaure ganguna. Tun da aka hana taro gangunansa suke jingine ba mai bugawa. Ya buɗe wani akwati cike da igiyoyin fatar ɓauna da yake ɗaure su da ita. Selvam ya yi masa bayani da yarensu. Tsohon ya kalli hannuwana, ya kama tafina ya shafa kantar da ke gindin yatsuna, ya turo min akwatin da ƙafa. Da na yi maganar biya ya kaɗa kai ya koma ciki.

Fatar ta yi tauri da kauri, sai da na fere ta da aska, na jiƙa, na murza da mai har ta yi laushi. Ranakun Asabar da Lahadi na riƙa zama a wurin ajiye motoci na benen su Selvam, a kan kujerar roba, da basilla da almakashi a cinya. Duk motar 'yan sanda da ta wuce sai in sunkuyar da kai. Mutane suka riƙa zuwa ɗai-ɗai da takunkumi. Wasu safofin aikina ne, na duba na mayar. Wasu kuwa igiyar nan ce mai sheƙi, har ta fara ɓarewa. Akwai wadda na ja da yatsa biyu kawai ta tsinke a gaban uwar yaron. Matar ta dafe baki ta zauna a kan dakali.

Ba kowa ya zo da fahimta ba. Wani mutum ya jefo min safar ɗansa a ƙafa, ya ce irinmu ba abin da muka iya sai damfara, a tattara mu a mayar. Selvam ya taso, na riƙe shi. Na sunkuya na ɗauki safar na kwance ta na saƙa, mutumin yana tsaye a kaina yana huci. Ba don haƙuri na yi shiru ba. Ina tsoron in na buɗe baki ba zan iya rufewa ba, kuma wanda ya kamata ya ji abin da ke bakina yana Sri Petaling yana kallon fim a ƙarƙashin na'urar sanyi.

Ta Anita na yi a ƙarshe, na ɗauki lokaci a kanta. Na wanke tabon jinin da ruwan ɗumi, bai fita duka ba. Na saƙa ragar ninki biyu. Da aka cire mata auduga, idon yana nan amma hazo take gani da shi, kuma ba ta iya auna nisan abu. Ta sa safar ta daki tsakiyarta da dunƙulen hannu, ta ce wa babanta ya jefo. Ya riƙe ƙwallon, ya ɗaga hannu, ya sauke. Ya sake ɗagawa ya sauke. Sai ya miƙo min. Ni da ban taɓa jefa wannan ƙwallo ba na lallaɓa na wurga mata ta ƙasa, kamar mai miƙa wa yaro lemo. Ta kautar da fuska tun kafin ta iso, ƙwallon ta wuce ta gefenta ta shige ƙarƙashin mota. Ta durƙusa ta zaro ta, ta dawo min da ita, ta ce in sake. Muka yi ta yi har aka kira la'asar a masallacin unguwar. Wasu ta cafe, da yawa ta rasa. Ba ta koma ƙungiyar ba.

Annoba ta lafa, aka buɗe ɗakin gwaji, na tarar da rabin kwalabena sun lalace, na sake daga baya. Kamal ban sake ganinsa ba sai a Sallar farko da aka yarda a taru. Hausawa suka kama wani zaure a Lembah Pantai, aka dafa tuwo da miyar kuka da waina, yara suna ta guje-guje suna amsa wa iyayensu da Turanci. Na yi marmarin tuwon nan ƙwarai. Na wanke hannu ke nan na zauna sai ga Dakta Sani ya riƙo Kamal. Ya yi ƙiba, ya sha shadda fara ƙal, yana ƙamshin turare. Na ji ana cewa yanzu harkar turo motoci gida yake yi.

Dakta ya kamo hannuna na dama ya ce yau ranar yafiya ce, abin da ya wuce ya wuce, ƙaninka ne. Mutanen da ke kusa suna murmushi, suna jiran a yi musabaha a shafa fatiha. Kamal ya miƙo hannu, ya ce Yaya a yafe mu.

Na zare hannuna daga na Dakta. Na ce ni nawa mai sauƙi ne, ba a wurina yafiyar take ba. Na ce wa Kamal, "Sentul ba nisa. Ka je ka nemi yafiyar Anita, in ta yafe maka ka dawo in ba ka hannu."

Ya kalli Dakta, ya kalle ni, hannunsa yana nan a miƙe. Fuskarsa ba raini a cikinta, ba wasa. Da gaske yake tambaya.

"Wace ce kuma Anita?"

Na tashi na bar tuwon a kwano, na nemi takalmina a bakin ƙofa.